IDON BAƘO A BIRNIN LANDAN: SHARHI KAN YADDA MUKE RUBUTA LABARIN TAFIYA

Gabatarwa

A cikin rubuce-rubucen da 'yan ƙungiya suka aiko wa wannan mujalla tamu a watannin da suka gabata, akwai guda uku da suka zo da jigo iri ɗaya, wato labarin ziyarar da marubutansu suka kai birnin Landan. Edita ya miƙo mini su domin in duba in faɗi ra'ayina, ni kuwa da na karanta sai na ga maganar ta fi ƙarfin 'yar takardar da ake mayar wa marubuci a asirce, domin abin da na gani a cikinsu ya shafe mu baki ɗaya. Ba zan ambaci sunan kowa ba, tun da dai rubutun nasu bai riga ya fito ba. Ina kuma roƙon masu shi su ɗauki abin da zan faɗa da kyakkyawar zuciya, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Labarin tafiya wani reshe ne na rubutun zube wanda muka yi wa riƙon sakainar kashi. Ƙagaggen labari da waƙa da wasan kwaikwayo sun samu manazarta masu yi musu fiɗa, amma shi labarin tafiya an bar shi kamar abin da kowa zai iya, in dai ya samu kuɗin jirgi. Tambayar da nake so mu duba a nan ita ce: mene ne yake mayar da labarin ziyara ya zama adabi, har wanda bai san marubucin ba, bai kuma da niyyar zuwa garin ba, ya zauna ya karanta shi har ƙarshe?

Waɗanda Suka Riga Mu

Kafin mu shiga cikin rubutun 'yan uwanmu, ya kamata mu tuna cewa ba mu ne farkon Hausawan da suka ga Landan suka ba da labari ba.

Na farko da aka sani shi ne Dorugu, wani yaro mutumin ƙasar Damagaram da aka kama bauta yana ƙarami aka kai shi Barno. A Kukawa ne wani Bajamushe matafiyi mai suna Overweg ya fanshe shi. Bayan rasuwar Overweg a 1852, sai ya koma hannun abokin tafiyarsa Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdulkarim. Dorugu ya bi Barth har Tambutu, suka dawo, suka ratsa Sahara zuwa Tarabulus, suka isa Landan a watan Satumba na 1855, tare da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega. A can Ingila ne wani ɗan mishan, Schön, ya zaunar da Dorugu ya rubuta labarin rayuwarsa daga bakinsa da Hausa, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885.

Abin da manazarta suka fi tunawa a cikin labarin Dorugu na Ingila shi ne yadda ya siffanta liyafar cin abinci a gidan Turawa: yadda ake zama, yadda ake kawo abinci kashi-kashi, yadda mata suke tashi su bar maza a teburi idan an gama. Mai karatu ya lura da wannan. Yaron da ya ga birnin da ya fi kowane birni yawan jama'a a duniyar wancan zamani, abin da ya fi zama a ran masu karanta shi bayan shekara fiye da ɗari shi ne yadda mutane suke cin abinci. Dalili kuwa shi ne ya kalli Turawa kamar yadda su Turawan suka saba kallonmu, wato a matsayin wasu mutane masu baƙin al'adu da suke bukatar a yi bayaninsu.

Na biyu shi ne Alhaji Abubakar Imam, editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya je Ingila cikin tawagar editocin jaridun Afirka ta Yamma, wadda har da Nnamdi Azikiwe a cikinta. Da ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, aka buga a 1944. Bayansa kuma akwai Malam Aminu Kano, wanda ya yi karatu a Landan daga 1946, ya kuma bar mana littafin Motsi Ya Fi Zama. Sarakuna ma ba a bar su a baya ba, domin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya ziyarci Ingila tun 1921. Wani masanin tarihi, Farfesa Moses Ochonu, ya yi nazarin irin waɗannan tafiye-tafiye na manyan Arewa a littafinsa Emirs in London da ya fito a 2022, inda ya nuna cewa matafiyan nan sun riƙa fassara wa jama'arsu Ingila ne da ma'aunin gida.

Ba ina cewa magabatan nan ba su da aibi ba ne. Imam, alal misali, baƙon gwamnatin da ke mulkin ƙasarsa ne a lokacin yaƙi, kuma duk wanda aka gayyata, mai masauki ne yake zaɓar masa inda za a kai shi. Dole mai nazari ya riƙe wannan a ransa yayin karanta littafin. Amma duk da haka Imam ya san wa yake yi wa magana, ya san abin da yake so mai karatun Gaskiya ya ƙaru da shi, sunan littafin ma ya faɗa. Wannan sanin shi ne na nema a cikin rubuce-rubucen da ke gabana.

Rubutu na Farko: Jerin Wurare

Marubuci na farko saurayi ne da ya je wani kwas na 'yan makonni. Hausarsa tsaf take, ya san ƙa'idar rubutu, ya kuma yi ƙoƙari wajen tattara bayani. Ya kai mu Fadar Bakingham ya gaya mana tana da ɗaki 775. Ya kai mu Majalisar Dokoki ya gaya mana cewa Big Ben sunan ƙararrawar ne, nauyinta ya haura tan 13, hasumiyar kuwa an raɗa mata sunan Sarauniya Elizabeth a 2012. Ya kai mu Dandalin Tarafalga ya nuna mana gunkin Nelson, kwamandan jiragen ruwan da ya mutu a yaƙin 1805. Ya shigar da mu jirgin ƙarƙashin ƙasa ya ce an buɗe shi a 1863. Duk waɗannan gaskiya ne, na kuma yaba masa da bai yi ƙarya a cikinsu ba.

To amma da na kai shafi na tara sai na tambayi kaina: ina shi marubucin yake? Kowane sakin layi yana farawa da "daga nan sai muka nufi", yana ƙarewa da "gaskiya wurin ya ƙayatar". Ba mu san ko ya ji sanyi ba, ba mu san ko ya ɓata hanya ba, ba mu san abin da ya ci ba, ba mu ji ya yi magana da mutum ko ɗaya ba. Birnin da ke da mutum kusan miliyan 9, amma a rubutunsa babu kowa sai gine-gine.

Ga wani ɗan gwaji da nake ba kowane marubucin labarin tafiya shawara ya yi wa aikinsa. Ka cire sunanka, ka sa sunan wani mutumin Japan ko Barazil a madadinsa. Idan babu jimla ko ɗaya da za ta bukaci gyara, to abin da ka rubuta takardar jagorar masu yawon buɗe ido ce, kuma irinta tana nan a intanet kyauta, da hotuna ma. Rubutun ɗan uwanmu bai tsallake wannan gwaji ba.

Akwai kuma wani wuri da ya sa na ɗan yi shakka. Ya siffanta Dandalin Tarafalga cike da dubban tattabaru, masu sayar da hatsi suna miƙa wa baƙi suna watsa musu. Haka wurin yake a da, haka kuma yake a tsofaffin hotuna da littattafan makaranta. Amma hukumar birnin ta hana ciyar da tattabaru a dandalin tun 2003, shi kuwa ya ce ziyararsa ta kwanan nan ce. Ba na zarginsa da cewa bai je ba. Abin da nake zato shi ne, da ya zauna rubutu, abin da ya karanta tun yana yaro ya rinjayi abin da idonsa ya gani. Wannan haɗari ne da ke jiran duk mai rubutu kan sanannen gari: garin yakan riga ka zuwa cikin kanka tun kafin ka taka shi. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wajen marubuci sai ya yi da gaske kafin hakan ta tabbata.

Bari in ba da misali da kaina. Ranar da na fara tsayawa a kan gadar Westminista, ƙararrawar nan ta buga, abin da ya zo mini a rai ba shi da alaƙa da nauyinta. Na tuna mahaifina ne a zaure, da 'yar rediyonsa mai batir, yana murɗa ta a hankali yana neman BBC, mu kuma an hana mu motsi. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, kuma ga miliyoyin Hausawa Landan murya ce kafin ta zama gari. Washegari na tafi neman Bush House, ginin da muka sha jin sunansa, duk da na san BBC ta tashi daga cikinsa tun 2012. Na tsaya a ƙofa kamar wanda ya zo gaisuwa ya tarar masu gida sun ƙaura. Ban kawo wannan don in ce na fi kowa gani ba. Na kawo shi ne don ɗan uwanmu ya gane cewa shi ma yana da irin wannan abin a ransa, kuma shi ne abin da babu wanda zai iya rubutawa sai shi.

Rubutu na Biyu: Mamaki Marar Tambaya

Marubuci na biyu dattijo ne, kuma shi ba a rasa shi a cikin rubutunsa, hasali ma yana nan a kowane layi. Salonsa akwai armashi, ya iya ba'a, ya iya karin magana. Tsarinsa kuwa guda ne daga farko har ƙarshe: ya ga abu a Landan, ya yaba, sannan ya juyo ya zage mu. Wuta ba ta ɗaukewa, mu kuwa kaza. Mutane suna bin layi, mu kuwa kaza. Titi babu shara, mu kuwa kaza.

Kwatantawa da gida ba laifi ba ne, ita ce ma ƙashin bayan labarin tafiya, kuma yawancin abin da ya faɗa a kanmu gaskiya ne mai ɗaci. Inda ya gaza shi ne bai taɓa tambayar yadda aka yi abin ya zama haka ba. Mai karatunsa zai tashi da fahimtar cewa Turawa an halicce su da tsabta ne, mu kuma an halicce mu da ƙazanta, wanda kuwa ya yarda da haka babu abin da zai tashi ya gyara.

Da ya ɗan bincika, da ya tarar da labarin da ya fi wanda ya bayar amfani. Landan ɗin da Dorugu ya shiga a 1855, shekara ɗaya ke nan da annobar kwalara ta kashe ɗaruruwan mutane a unguwar Soho saboda ruwan wani famfo guda da ya gurɓace. A bazarar 1858 warin Kogin Tems, wanda a lokacin nan ne magudanar bahayar birnin, ya kai har 'yan majalisa sun kasa zama a ɗakunansu da ke bakin kogin. Wannan ne ya sa suka amince da kuɗin gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa, aikin da injiniya Joseph Bazalgette ya jagoranta. A Disamba ta 1952 hayaƙin gawayi ya lulluɓe birnin na kwana biyar, mutum aƙalla 4,000 suka mutu, sannan aka kafa dokar tsabtace iska a 1956. Wato ke nan tsabtar da dattijon namu ya gani, mutane ne suka sha wuya, suka yi gardama, suka biya haraji, suka samar da ita. Da wannan ya gaya wa mai karatu a Kano ko Zinder, da ya ba shi abin yin tunani maimakon abin jin kunya.

Haka kuma da ya shiga Gidan Tarihi na Birtaniya, ya yaba da yadda ake shiga kyauta da yadda aka adana kayan tarihin duniya, har ya ambaci kayan tagulla na Binin. Amma bai ce uffan ba kan cewa sojojin Birtaniya ne suka kwashe su a 1897 bayan sun ci birnin da yaƙi, kuma an daɗe ana neman a mayar da su. Ba na cewa dole marubuci ya yi fushi. Ina cewa ne mutumin Nijeriya da ya tsaya gaban waɗannan kaya bai ji komai ba sai sha'awar gilashin da aka sa su ciki, to bai gama kallo ba.

Ya kamata in ƙara da cewa wannan cuta tana da 'yar uwa, wato marubucin da zai je ya dawo bai ga komai ba sai tsiraici da giya da rashin tarbiyya. Shi da mai yabon duka ɗaya suke, kowannensu ya yanke hukunci tun kafin jirgi ya tashi.

Rubutu na Uku: Jego a Bene na Shida

Rubutu na uku shi ne mafi gajarta, shi ne kuma mafi yawan kurakuran rubutu. Wata uwa ce ta rubuta shi, wadda ta je kula da 'yarta da ta haihu a wani gida da ke bene na shida a kudancin birnin. Fadar Bakingham sau ɗaya ta ambace ta, ta ce ta hango ta daga nesa, jikanta yana kuka, ba ta samu ta duba da kyau ba.

Abin da ta rubuta a kai shi ne yadda za a yi wankan jego a gidan da babu tsakar gida, babu murhu, babu ganyen darbejiya, ga ƙararrawar gobara a rufi da take tsoron tururi ya tayar. Ta ba da labarin ranar da ta shiga bas ita kaɗai zuwa Fekam neman kanwa don kunu, ta ɓata, wata Bayarabiya mai shago ta gane ta da mayafinta ta gaishe ta da 'yar Hausar da ta koya a Sabon Gari. Ta ba da labarin ma'aikaciyar lafiya da ke zuwa gida duba mai jego, da yadda suka yi ta gardama ta bakin 'yarta kan zafin ruwan wanka, kowace tana ganin ɗayar za ta yi wa yarinyar illa, har daga baya suka saba. Ta faɗi yadda a watan Yuni magariba ba ta yi sai bayan ƙarfe 9 na dare, ta riƙa duban agogo tana duban taga ba ta san wanda za ta gaskata ba. Ta kuma faɗi abin da ya fi damunta, wato an yi suna babu maƙwabci ko ɗaya da ya leƙo, sai ga wata tsohuwa Baturiya da ke ƙasansu ta ajiye kati da 'yar hular saƙa a bakin ƙofa ba tare da ta ƙwanƙwasa ba.

A wannan rubutu na ga Landan fiye da yadda na gan ta a sauran biyun. Na ga tsarin gidajenta, da tsarin kiwon lafiyarta, da baƙin da ke zaune cikinta, da irin zumuncinta mai tafiya a ɓoye. Marubuciyar ba ta yanke wa kowa hukunci ba, ta bar katin da hular sun yi magana. Ita ce magajiyar Dorugu a cikin su ukun, domin ta kalli abu ƙarami da idon da ta zo da shi daga gida, ta kuma yarda garin ya ba ta mamaki ta inda ba ta zata ba.

Ba zan bar ta haka ba, ita ma da nata gyaran. Shafi biyun ƙarshe ta juya su wa'azi ga iyaye mata kan aurar da 'ya'ya nesa, alhali labarin ya riga ya isar da saƙon da kansa, har ma ya faɗi abin da ya fi wa'azin zurfi. Ina ba ta shawara ta yanke su, ta tsaya a kan hular. Sannan ta gyara rabon kalmomi da alamomin tsayawa, ta kuma rage kalmomin Ingilishi inda muke da namu. Babu dalilin rubuta sunan Turanci ga abin da kowa ya sani da tasha ko asibiti ko ɗakin girki. Inda abin baƙo ne ba mu da sunansa, sai ta siffanta shi yadda ƙawarta da ba ta taɓa fita ba za ta gane, wannan ma ai wani ɓangare ne na aikin.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ga 'yan shawarwari ga duk ɗan ƙungiyar da ke da niyyar rubuta labarin tafiyarsa, ko Landan ya je, ko Faris, ko ma Agadas.

Da farko, ka riƙe ɗan littafin aljihu, ka rubuta abin da ka gani a ranar da ka gan shi, kafin abin da ka karanta ya shafe shi. Na biyu, ka zaɓa. Wuri uku da ka tsaya a cikinsu da gaske sun fi talatin da ka ratsa. Na uku, ka sa mutane, ka bar su su yi magana. Na huɗu, idan abu ya burge ka ko ya ɓata maka rai, ka bincika tarihinsa kafin ka yanke hukunci, ka kuma tabbatar da kowace shekara da kowane adadi da za ka rubuta. Na biyar, ka san wanda kake ba labarin, ka riƙa ganin fuskarsa yayin da kake rubutu.

Abin da ya sa na tsawaita a kan wannan shi ne, Hausawan da ke zuwa Turai yanzu sun fi na kowane zamani yawa, ɗalibai da 'yan kasuwa da marasa lafiya da iyayen da ke zuwa jego. Hotunan da suke ɗauka da waya ba su ƙirguwa, amma abin da aka rubuta wanda za a iya karantawa nan da shekara hamsin bai taka kara ya karya ba. Dorugu bai yi makaranta ba lokacin da ya ba da labarinsa, ga shi har yau ana nazarinsa a jami'o'i. Idan jikokinmu suka nemi sanin yadda Bahaushen wannan zamani ya ga duniya, kada su tarar ba mu bar musu komai ba sai yawan ɗakunan Fadar Bakingham.

Na ba Edita shawarar a buga rubutu na uku a fitowa ta gaba bayan an yi gyaran da na ambata. Sauran biyun kuwa a mayar wa masu su, su sake zama a kansu, domin kowannensu yana da labarin da bai riga ya faɗa ba. Wanda duk bai gamsu da ra'ayina ba, filin nan a buɗe yake, sai ya ɗauko alƙalami.